Hutun haihuwa da na jinya: Wa zai biya wa ƙaramin ma'aikaci?

Yau za mu leƙa Dei-Dei, inda kasuwar kayan gini da ta katako da ta dabbobi ke ciyar da dubban iyalai. Yawancin masu nema a can 'yan dako ne da yaran shago da mata masu wanke-wanke a rumfunan abinci. Duk ranar da ɗayansu bai fita ba, ranar babu cefane. Shi ya sa za ka ga mai jego ta koma bakin murhu tun ba ta yi arba'in ba, ko magidanci yana dakon siminti da zazzaɓi a jikinsa.

Doka ta yi magana a kan haka. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba mace hutun haihuwa na mako 12, da aƙalla rabin albashinta idan ta cika wata shida tana aiki. Sashe na 16 kuma ya ba ma'aikaci hutun rashin lafiya na kwana 12 a shekara da albashi, in likita ya tabbatar. Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya sun fi samun sauƙi, domin mata suna da mako 16, maza kuma tun 2021 suna da kwana 14 idan an yi musu haihuwa.

Matsalar ita ce doka ta ɗora nauyin biyan a kan mai aiki shi kaɗai. Mai rumfar abinci da ke da 'yan aiki uku ba za ta iya biyan wadda ke gida ta kuma biya wadda ta riƙe mata aiki ba. Ƙarshenta sai ta sallami mai ciki, ko ta daina ɗaukar matan aure. Ita ma wadda ta samu rabin albashin, rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 naira 35,000 ne, ga kuɗin asibiti da hidimar suna.

Wasu ƙasashe sun raba nauyin. A Jamhuriyar Nijar hutun mako 14 ne, hukumar CNSS tana biyan rabin albashi, mai aiki ya biya rabi. A Afirka ta Kudu ma'aikaci da ubangidansa kowa yana zuba kashi 1 cikin 100 na albashi a asusu guda, daga nan ake biyan mai jego da mara lafiya.

Kafin gwamnati ta kafa irin wannan asusu, ƙungiyoyin kasuwar Dei-Dei suna iya farawa, tunda adashi ba baƙonmu ba ne. A ɗauka mutum 200 suna zuba naira 500 kowane mako. A shekara za a tara naira miliyan 5.2, abin da zai ba mutum 49 naira 35,000 duk wata har wata uku. Idan iyayen gida suka zuba daidai da haka, adadin ya ninka. Sharaɗi kawai, kuɗin su zauna a banki, da sa hannun mutum uku, a kuma riƙa karanta lissafi a gaban kowa.

Likitoci suna son uwa ta shayar da jaririnta nono zalla har wata shida, kuma hakan yana buƙatar ta kasance kusa da shi. Mai shago, ka kai maganar nan taron ƙungiyarku na gaba. Sai mun haɗu mako mai zuwa, da yardar Allah.