Filin Wasa Na Kowa Ne

Jama'a, ina roƙon ku ɗan ba ni aron kunnuwanku a kan wata gardama da a ke yi can ƙasar Amurka game da wasannin makarantun sakandare. Ko da ya ke ƙasar tana da nisa, zancen ya shafi aikin da mu ke koyo a wannan kwaleji.

Makarantun gwamnati iri biyu ne a can. Akwai na gunduma, waɗanda hukumar ilmi ta yanki ke riƙe da su tun da can. Akwai kuma waɗanda su ke kira cata, watau makarantun yarjejeniya. Su ma da kuɗin gwamnati a ke tafiyar da su, yara ba su biyan ko kwabo, amma wata ƙungiya ce ke riƙe da makarantar bisa sharuɗɗan da ta sa wa hannu. Jihar Minesota ce ta fara kafa dokarsu a 1991, aka buɗe ta farko a birnin Sen Fol a 1992. A 2021 yaran da ke cikinsu sun kai wajen miliyan 3.7.

To, Amurkawa ba su ɗauki wasan makaranta da wasa ba. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 sunayen da aka rubuta a ƙungiyoyin wasa na sakandare sun haura miliyan 8. Tun da aka kafa dokar 1972 wadda ta hana a bambanta mace da namiji a makarantun da ke cin kuɗin tarayya, 'yan mata masu wasa sun tashi daga ƙasa da 300,000 zuwa fiye da miliyan 3. Yaro mai ƙwazo kuwa ya kan sami gurbin jami'a ta hanyar ƙwallo ko gudu.

Ga inda gizo ke saƙar. Makarantar gunduma yawanci babba ce, tana da fili, da ɗakin motsa jiki, da malaman wasa. Ta yarjejeniya sau da yawa ƙarama ce, wata ma a ginin haya ta ke zaune, babu ko inda za a kafa raga. Yaron da iyayensa suka kai shi can don neman karatu mai kyau, sai ya wayi gari ba shi da ƙungiya. Saboda haka waɗansu jihohi, kamar Fensilbaniya da Fulorida, suka yarda irin wannan yaro ya je ya yi wasa a makarantar gundumarsu, in tasu ba ta yin wannan wasa.

Ni dai ina bayan wannan doka ƙwarai, kuma ina da dalili. Makarantar mishan da na yi ba ta da fili sai wata 'yar farfajiya tsakanin azuzuwa da coci. Filin makarantar gwamnati da ke kusa mu ke aro, ran da aka ga dama a ba mu, ran da ba a ga dama ba mu koma da ƙwallonmu a hammata. Akwai wani abokina da ya fi kowa gudu a garinmu, amma har muka gama bai taɓa shiga gasa ba. Filin nan kuwa da harajin iyayenmu duka aka share shi.

Amma kada in yi son kai, masu makarantun gunduma su ma suna da abin faɗa. Sun ce yaron waje ya kan zo ya ƙwace gurbin ɗan gida, alhali kuɗin karatunsa ya bi shi wata makaranta. Sun kuma ce su daga unguwarsu kaɗai su ke ɗaukar yara, amma ta yarjejeniya tana iya tara gwanaye daga ko'ina cikin birni ta cinye kofi. A Fensilbaniya an daɗe ana wannan ƙorafi, har waɗansu suka nemi a raba gasar gida biyu.

A ganina maganin ba mai wuya ba ne. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Makarantar da ta karɓi kuɗin jama'a don ta koyar da yaro, lalle ne ta kula da jikinsa kamar yadda ta ke kula da ƙwaƙwalwarsa. In ba ta da fili, ta biya rabonta na gyaran filin maƙwabta da ladan malamin wasa, a bar yaranta su shiga. Wadda kuwa ta tara gwanaye, a haɗa ta da tsararrakinta a gasa. Abin da ba daidai ba shi ne manya su yi ta jayayya a kan kuɗi, yaro yana tsaye a bakin shinge yana leƙe.

'Yan'uwana malaman gobe, ba da daɗewa ba za a rarraba mu, wani makarantar gwamnati, wani ta mishan, wani ta mai zaman kanta. In Allah ya sa makullin fili ya zo hannunka, yaran maƙwabta suka zo aro, ka tsara musu rana, ka buɗe musu ƙofa.