Motar Labarinku Ba Ta Taɓa Zuwa Gareji Ba

Maƙalar wannan makon faɗa ce, wanda ta taɓa ya yi haƙuri.

Na gaji da motocin da ke cikin labaranmu. Kullum Prado ce ko Benz, a danna hon, maigadi ya wangale ƙofa, Alhaji ya fito yana ƙamshi. Ba ta tsufa, ba ta ciwo. Alhali mai wannan rubutun, in zai je Argungu daga Birnin Kebbi, tsohuwar Golf zai shiga a tasha, an danna mata buhunan shinkafa har gindinta na neman jan ƙasa. Wannan ce motarmu, kuma bakanike ne ke riƙe da ranta. Shi kuwa ba ma sa shi a labari sai in muna neman matalaucin saurayin da za a hana wa yarinya.

In an yi magana sai a ce wai aikin gareji ba abin rubutawa ba ne, wai Hausa ba ta da kalmominsa. To mu ɗauki abu ɗaya tak, kuloci da giyabos na motar da ake son tayarwa bayan ta gaji, mu gani.

Bakaniken ƙwarai ba ya fara ɗaukar sifana. Tambaya yake yi, ya kasa kunne. Direba ya ce in ya taka totur a giya ta huɗu injin na ihu amma mota ba ta ƙara gudu, ga wani ƙauri na tashi. Wannan farantin kuloci ne ya cinye, yana santsi maimakon ya kama. Sai Oga ya tayar da mota, ya bar ta a firi. In an taka kuloci ƙara ta taso, aka saki ta ɗauke, boris ɗin kuloci ne. In kuwa ƙarar na nan ƙafa na sake, aka taka ta yi shiru, to ciwon na can cikin giyabos. Taku ɗaya, cuta biyu, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne ko kusa.

Haka batun ƙarar shiga giya. In ta biyu kaɗai ke gurnani, zoben tagullar da ke daidaita gudun wannan giyar ne ya suɗe. In duka ke gardama har da ribas, mota na tsaye, kuloci ne ba ya saki sosai. A nan mai tsoron Allah zai fara duba wayar kuloci, ko mansa a motocin da ke aiki da mai, kafin ya sa yara su sauke komai.

Bayan an sauke sai ido da yatsa su karɓi aiki. Ya duba ko faranti ya cinye har ƙusoshinsa sun fito suna kartar ƙarfe. Ya shafa faifan ƙarfen da ke bayan injin, ya ga ko zafi ya bar masa tabo shuɗi-shuɗi. In ya tarar da maiƙo a jikin faranti, ya san robar da ke tare bakin mai a bayan injin ce ke yoyo, kuma sabon faranti ma ba zai daɗe ba muddin ba a canza ta ba. Ya tsiyaye man giya a kwano ya kai rana. Ƙyalli rawaya-rawaya tagullar zobba ce. Ɓarɓashin baƙin ƙarfe kuwa haƙoran giya ne ko boris ke ci.

Ina kalmar da muka rasa a nan? Kuloci, giya, boris, totur, duk aro ne, amma sun zauna a bakinmu kamar yadda burodi da tebur suka zauna. Tun 1975 ake harhaɗa Peugeot a Kaduna, an yi shekara 50 ke nan yaran Hausawa na kwance 504 suna mayarwa, da Hausa suke faɗa wa juna miƙo wannan, riƙe wancan. Ka bi ta Kamba ka tsallaka Gaya, ka ji ƙarfen nan dai da wani sunan da aka aro daga Faransanci. Wannan kaɗai ya ishi mai kunne maƙala guda.

Masu cewa abin bai kai darajar alƙalami ba, su tuna Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da mulki da malanta a wuyansa, ya zauna ya yi rubutu a kan magunguna da ciwon ido. Mu waye da za mu ƙyamaci bakin mai?

Kuma ga rigima ga mai neman rigimar labari. Oga ya ce tunda an riga an sauke giyabos, a canza faranti da murfin da ke matse shi da boris gaba ɗaya, don wahalar saukewa ɗaya ce. Direba ya ce faranti kaɗai aljihunsa zai ɗauka, mai mota na jiran balas, ga fetur ya zama abin da ya zama tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Duk su biyun suna da gaskiya. Bayan wata uku boris ya fara kuka, a sake biyan kuɗin saukewa, zumuncin shekara goma ya ɓaci. Ba sai an nemo kishiya mai asiri ba.

Ban ce duk bakanike waliyyi ne ba. Akwai wanda zai ji gurnanin giya ya girgiza kai ya ce, "Maigida, giyabos ɗin ga ya tahi," ya sa a aiko da na Beljiyam daga Ƙofar Ruwa ta Kano, alhali waya ce ta saki. Abin da ke ba shi dama shi ne direba bai san abin da zai tambaya ba. Shafi biyu na Hausa mai daɗin karatu, wanda zai buɗe a wayarsa yana jiran lodi, zai iya tsare masa kuɗin buhun shinkafa nawa? Ɗalibin kwalejin Waziri Umaru na koyon injiniyanci da Turanci, yaron gareji na koyo da kunne da ranƙwashi, mu da ya kamata mu tsaya a tsakaninsu muna can muna siffanta labulen falon Hajiya.

Ga aikin wannan makon. Kowa ya nemi gareji a unguwarsu ranar da za a sauke giyabos. Ka gaida Oga da ladabi, ka ce koyo ka zo yi, kada ka shiga da littafi a hannu kamar mai karɓar haraji. 'Yan'uwa mata, akwai direba ko bakanike a dangin kowa, a tsare shi da tambaya bayan isha'i. A rubuta shafi ɗaya a kawo nan kafin Juma'a, amma a fara karanta wa bakaniken. In ya yi dariya, a koma a gyara.