RA'AYINMU: A Kori Mai Laifi, Amma Ina Laifin Iyalinsa?

A watan Yuli na shekarar 1994 ne wani mutum a garin Hamilton da ke jihar Niyu Jasi ta ƙasar Amurka ya yaudari 'yar maƙwabtansa, Megan Kanka, yarinya 'yar shekara 7, ya shigar da ita gidansa da sunan zai nuna mata ɗan kwikwiyo, ya yi mata fyaɗe, sa'an nan ya kashe ta. Da aka bincika sai aka tarar ashe an taɓa yanke masa hukunci har sau biyu a kan laifin lalata da ƙananan yara. Iyayen yarinyar suka ce ba wanda ya taɓa faɗa musu, ga shi kuwa gidansa na kallon nasu. Kafin shekarar ta ƙare jihar ta kafa doka da sunan yarinyar, a shekarar 1996 kuma shugaba Bil Kilinton ya sa hannu a kan dokar tarayya wadda ta tilasta wa kowace jiha ta riƙa sanar da jama'a labarin masu irin wannan laifi da ke zaune a cikinsu. A shekarar 2006 aka ƙara wata doka wadda ta kasa masu laifin kashi uku: wasu sunansu zai zauna a rajista shekara 15, wasu shekara 25, wasu kuwa har ƙarshen ransu. Yau mutanen da ke cikin wannan rajista a Amurka sun haura 700,000, kuma akasarinsu duk mai so yana iya duba suna da hoto da adireshinsu a intanet.

Mun kawo wannan tarihi ne domin masu karatu su gane inda zancen namu na yau ya samo tushe. Da kafofin sada zumunta na intanet suka bunƙasa, yara da matasa suka cika su, sai gwamnatocin jihohin Amurka suka matsa wa kamfanonin lamba su duba rajistar, su kori duk wanda suka samu a ciki. A watan Fabrairu na shekarar 2009 aka bayyana cewa MySpace, wadda ta yi tashe kafin Facebook, ta share kimanin mutum 90,000 a kan wannan dalili. Facebook ma ta rubuta a cikin sharuɗɗanta cewa wanda kotu ta samu da laifin fyaɗe ko lalata ba shi da izinin shiga. Amma wata kafa mai suna Nextdoor, wadda aka buɗe wa jama'ar Amurka a shekarar 2011, ta ƙara taku ɗaya a kan haka. Ita wannan kafa ta maƙwabta ce. Sai mutum ya tabbatar da adireshin gidansa kafin a karɓe shi, kuma da mutanen unguwarsa yake hulɗa. A nan ake cigiyar abin da ya ɓace, ake neman mai gyaran famfo ko mai reno, a nan kuma 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da ƙananan hukumomi na garuruwa da yawa suke aika wa unguwanni sanarwa. Sharaɗin da kamfanin ya taɓa gindayawa shi ne, wanda sunansa ke cikin rajista ba zai shiga ba, haka kuma duk wanda suke zaune gida ɗaya da shi.

Tun da fari muna so mu faɗi matsayinmu ba tare da kwana-kwana ba. Fyaɗe da lalata da yara mugun laifi ne wanda tabonsa kan bi mutum har tsufa, kuma babu wata hujja da za ta wanke mai aikata shi. Kamfanin da ya tara yara da iyaye a dandalinsa yana da ikon ya rufe ƙofa ga wanda kotu ta tabbatar ya taɓa cutar da yaro, kamar yadda makaranta ba za ta ɗauke shi aikin koyarwa ba, kuma ikilisiya mai hankali ba za ta damƙa masa ajin Lahadi ba ko da ya tuba a gaban jama'a. Gafara daban, amana daban. Ana iya karɓar mutum hannu bibbiyu a ci abinci da shi, amma a ƙi barinsa shi kaɗai da yara, kuma wanda tubansa na gaskiya ne shi zai fara yarda da haka.

Inda muka rabu da kamfanin shi ne batun iyali. Matar mutumin wane laifi ta yi? Tsohuwar da ta karɓi ɗanta bayan ya fito daga kurkuku domin kada ya kwana a titi, wace kotu ce ta yanke mata hukunci? Ɗa ko 'yar da suka girma a gidan, ko ɗan haya da ya kama ɗaki bai san tarihin kowa ba, me suka aikata? Waɗannan mutane ba a kai su gaban alƙali ba, ba a tuhume su ba, ba a ba su damar kare kansu ba, amma an tsame su daga zancen unguwarsu saboda adireshi kawai. Idan aka yi sanarwar ambaliya ko gobara ko ɓarayi a dandalin, su ne za su ji a ƙarshe. Koyarwar da muka tashi a kanta, haka ma dokar kowace ƙasa mai bin adalci, ita ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ba a ɗora wa ɗa alhakin uba, ba a ɗora wa mace alhakin miji.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Wani rahoto da ofishin ƙididdiga na ma'aikatar shari'a ta Amurka ya fitar a shekarar 2000 ya nuna cewa a cikin laifuffukan lalata da yara da aka kai wa 'yan sanda, kashi 34 cikin ɗari na masu laifin dangin yaran ne, kashi 59 sanannu ne gare su, kashi 7 kacal ne baƙi. Ma'anar wannan ita ce, ba abin mamaki ba ne a samu gidan da mai laifin da wanda aka yi wa laifin suka fito daga ciki. Idan har irin wannan iyali suka koma zama tare, dokar da ta kori gidan gaba ɗaya ta kori wadda aka zalunta tare da wanda ya zalunce ta. Mutumin da ya fi kowa bukatar maƙwabta masu sa ido da kunne, shi aka raba da su.

Ba mu ce kamfanin ba shi da hujja ba. Hujjarsa a fili take: idan aka bar matar ta shiga, me zai hana mijin ya ɗauki wayarta ya karanta wane gida ne ke neman mai reno, wane ne kuma ya yi tafiya ya bar yara? Wannan tsoro ne na gaskiya, kuma iyaye ba za su raina shi ba. Amma a duba da kyau. Mai mugun nufi da zai ari wayar matarsa zai iya arar ta abokinsa ko ta ƙanensa da ke wata unguwa, ko ya buɗe shafi da sunan ƙarya a wani dandalin da ba a tambayar adireshi. Shingen da aka yi bai tare shi ba, mai gaskiya ne kawai ya tare. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a karɓi mutumin gidan da sunansa na gaskiya, a sa shi ya ɗauki alkawari ba zai ara wa kowa shafinsa ba, ranar da aka kama shi ya saɓa a rufe shafin. A nan an hukunta shi a kan abin da ya yi da hannunsa. Amma a hukunta shi tun bai yi komai ba, wannan an bar jaki ana dukan taiki.

Har ila yau ya kamata masu karatu su sani cewa rajistar kanta ba mutane iri ɗaya ta tara ba. Akwai mugaye waɗanda suka maimaita laifi a kan yara, akwai kuma waɗanda suka shiga tun suna yara su ma, domin dokar 2006 ta tanadi a rubuta wanda ya kai shekara 14 idan laifin mai tsanani ne, wasu jihohi ma suna rubuta waɗanda ba su kai haka ba. Ƙungiyar Human Rights Watch ta nuna a rahotonta na shekarar 2007 cewa a wasu jihohi har yin fitsari a bainar jama'a yana iya kai mutum cikin rajista. Game da maimaita laifi kuma, ofishin ƙididdigar da muka ambata ya bi sawun mutum 9,691 da aka sako daga kurkuku a jihohi 15 a shekarar 1994, ya tarar kashi 5.3 cikin ɗari ne aka sake kamawa da irin wannan laifi cikin shekara uku. Wani binciken da ya fitar a shekarar 2019, wanda ya bi waɗanda aka sako a 2005 har shekara tara, ya samu kashi 7.7. Mun sani laifuffuka da yawa ba a kai su gaban hukuma, don haka ainihin adadin ya fi wannan. Duk da haka alƙaluman sun isa su nuna cewa ba daidai ba ne a ɗauki kowane gida da ke cikin rajista a matsayin ramin kura.

Ita kanta Kotun Ƙolin Amurka ta taɓa jan kunnen hukuma a kan wuce gona da iri. A shekarar 2008 jihar Karolina ta Arewa ta kafa dokar da ta mai da shiga kafofin sada zumunta babban laifi ga duk wanda ke cikin rajista. A shekarar 2010 wani mai suna Lester Packingham, wanda aka yanke wa hukunci a 2002 a kan lalata da yarinya 'yar shekara 13, ya rubuta a Facebook yana gode wa Allah domin kotu ta kori ƙarar laifin tuƙi da aka yi masa. A kan wannan rubutu aka gurfanar da shi aka same shi da laifi. Ranar 19 ga Yuni, 2017, alƙalai takwas da suka saurari shari'ar suka soke dokar baki ɗaya, suna masu cewa ta yi faɗi ƙwarai, ta tauye 'yancin faɗar albarkacin baki. Amma fa a lura, wannan hukunci gwamnati ya ɗaure wa hannu. Kamfani mai zaman kansa yana nan da ikon zaɓen wanda zai karɓa. Saboda haka iyalan da aka kora ba su da wata kotu da wannan hukunci ya buɗe musu, sai dai lamirin masu kamfani da muryar jama'a.

Wani zai ce ina ruwanmu da abin da ake yi a Amurka. Ruwanmu shi ne mu ma mun kama hanyar. A watan Nuwamba na shekarar 2019 gwamnatin tarayyar Nijeriya ta ƙaddamar da rajistar masu laifin fyaɗe ta ƙasa a ƙarƙashin hukumar NAPTIP, bisa dokar hana cin zarafin mutane ta shekarar 2015. Muna maraba da wannan mataki, domin mun daɗe muna ganin yadda ake binne irin wannan laifi da sunan rufin asiri, a sasanta a zaure, a bar yarinya da kunya, mai laifi kuwa ya koma wani gari ya ci gaba da ta'asarsa. Sai dai rajista wuƙa ce, tana yanka abin da aka nufa, tana kuma yanka mai riƙe da ita da ganganci. A ƙasarmu gida ɗaya yana iya ɗauke da kakanni da 'ya'ya da jikoki da 'yan haya. Idan ƙungiyoyin unguwa da na zumunta suka kwaikwayi dokar korar gida gaba ɗaya, laifin mutum ɗaya zai rufe wa mutum ashirin ƙofa. Abin da zai biyo baya kuwa kowa ya san shi: uwar da ta san cewa tona asirin ɗanta zai jawo a ƙaurace wa gidan duka, bakinta za ta kama, yarinyar da aka cuta kuma za a hana ta magana. Ashe dokar da aka yi domin kare yara za ta zama dalilin ɓoye masu cutar da su.

Bisa ga haka muna kira ga kamfanonin kafofin sada zumunta su bar hukunci a kan wanda kotu ta hukunta, su buɗe wa iyalai ƙofa da sharaɗi, su kuma tanadi hanyar da wanda aka kora bisa kuskure zai kai kuka a saurare shi. Muna kira ga hukumomin ƙasarmu su tabbatar cewa sunan da duk za a baza wa jama'a na wanda kotu ta samu da laifi ne, su kuma hukunta mai kai wa iyalinsa hari ko tsangwama. Ga fastoci da dattawa da shugabannin zumuntar mata da ta matasa muna cewa, kada a bar babba ɗaya shi kaɗai da yara a ɗaki a rufe, ko wane ne shi, kuma ranar da yaro ya kawo ƙara a kai ta ga hukuma, kada a kashe ta a ofishin ikilisiya. Matar mai laifi da 'ya'yansa kuwa a ziyarce su, a gaishe su a kasuwa, kada a tashi daga bencin da suka zauna.

Iyaye kuma kada mu saki jiki domin wani kamfani ya ce ya share dandalinsa. Rajista sunan wanda aka kama kawai ta sani, wanda ba a taɓa kamawa ba kuwa yana iya zama mai shiga gidanmu ba sallama. Mu san wanda 'ya'yanmu ke hira da shi a waya, mu koya musu tun suna ƙanana cewa jikinsu nasu ne, mu kuma zama iyayen da yaro zai iya faɗa wa abin da ya same shi ba tare da tsoron duka ba. Ubangiji ya ba mu hikimar tsare 'ya'yanmu ba tare da mun zalunci 'ya'yan wasu ba.