Ɗa da ɗiya a karatun injiniya: wa ya fi shan wuya shekarar farko?

Tun shekara ta 2010 da aka kafa jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram, ba dole ba ne yaro ya tafi Yamai, makarantar EMIG, kafin ya koyi aikin injiniya. A IUT ta Maraɗi ana koyar da gini, lantarki da kanikanci. To amma duk wanda ya leƙa waɗannan azuzuwa zai ga mata ba su taka kara sun karya ba, kuma ƴan kaɗan ɗin nan su ne suka fi jin jiki kafin su saba.

Mu dai ba mu yarda matsalar ƙwaƙwalwa ce ba. Yarinyar da ta ci bak C ko D a ƙasar da binciken 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na mata ana aurar da su kafin shekara 18, ai ta riga ta nuna abin da ta iya.

Bambancin yana wajen masauki. Namiji in ya rasa ɗaki a site, sai ya shimfiɗa tabarma wurin abokai, su raba dare suna shan shayi suna lissafi, waɗanda suka riga shi su ba shi tsofaffin takardun jarrabawa. Nan ake gane abin da malami ya faɗa da gudu da safe. Ita kuwa mace, gidan kawu ko gwaggo ake sauke ta. Ta dawo daga labo ta tarar da wanke-wanke da girki, kuma in magariba ta yi ba sauran fita. Ko ta zauna bita da maza, gobe magana ta isa kunnen uwarta a kasuwa, sai a fara zancen gara a yi mata aure. Haka lokacin koyon aiki a shantiye: sai a ajiye ta ofis tana jera takardu, maza na wurin siminti.

Samarin ma da tasu. In bursu ta makara, wani ya hau kabu-kabu, karatu ya lalace, kuma girman kai ya hana shi faɗa a gida.

Ƴan uwa mata na kasuwa, da yawa da ribar tumatir da kuɗin adashi kuke ɗauke da wannan karatu. Jika biyar ɗin da kuke aikawa tana da amfani, amma kafin ku kai ɗiya gidan dangi ku zauna da matar gidan, ku yanke a fili: wane aiki za ta yi, kuma ƙarfe nawa aka yarda ta dawo daga bita.