Bayan Windows 10: Abin da ke tsakanin masu shagunan kwamfuta na Bagudo da Linux

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10, alhali tsofaffin kwamfutoci da yawa ba za su iya ɗaukar Windows 11 ba. Lamarin ya shafi masu shagunan buga takardu a Bagudo da Tsamiya, kan iyakar Kebbi da Jamhuriyar Benin, inda kwamfuta 'yar Kwatano ce jarin mai ƙaramin ƙarfi.

Mafita mafi arha ita ce Linux, manhajar da Linus Torvalds ya fara a 1991, wadda masu sa-kai ke ginawa, ake kuma saukewa kyauta. Sai dai wahalar tana wajen saitawa. Firinta kan ƙi aiki, Wi-Fi kan ɓace, madannan Faransanci na AZERTY kan rikita haruffa, ƙ da ɗ da ɓ kuwa sai an nemo su. Bayanan gyara galibi da Turanci suke, sauke su kuma na cin data.

Saboda haka makomar Linux a yankin ta rataya ne kan samun masu gyara na gida da suka iya ta. Muddin babu su, mai shago zai ci gaba da Windows marar kariya, takardun abokan cinikinsa kuma suna cikin haɗari.