Kicin ɗin amarya: Na hoto a kulle, na hayaƙi a bayan ɗaki



A hutun da ya wuce na je gida Zoza bikin 'yar baffana. Ranar jere, tun kafin a gama kafa gado mata suka yi dafifi a ƙofar kicin, kowa da waya a hannu. Abin kallo ne kam. Kabet ruwan toka daga ƙasa har kusa da silin, farin tayil, murhun gas mai kai huɗu, kuloli saiti-saiti, bilenda, tukunyar lantarki ta dafa shinkafa, har da wasu 'yan gwangwanaye da aka rubuta wa gishiri da sukari da Turanci. Kafin magariba bidiyon ya zaga wayoyin dangi kaf, ana ta cewa "Masha Allah, Baffa ya yi ƙoƙari."

Bayan sati uku, ina shirin komawa makaranta, na leƙa yi wa amarya sallama. Na tarar da kicin a kulle. Can bayan ɗaki na same ta, a wata 'yar rumfar langa-langa, ta durƙusa gaban duwatsu uku tana hura ɗanyen icce, idanu jajawur, hawaye na zuba. Na ce, "Yaya, ina gas ɗin?" Ta ce, "Ke dai bari, ƙanwata. Ya ƙare, maigidan ya ce a jira ya sayar da masara. Kuma ko da akwai, yau girkina ne, tuwon mutum goma sha biyu zan tuƙa. A kan wancan ai sai tukunya ta kife da ni."

Tun ranar abin yake cina. Gidaje nawa ne yanzu daga Rogo zuwa Karaye, kai har cikin birnin Kano, ke da kicin biyu irin haka, ɗaya na nunawa, ɗaya na shan wahala? Magana ta gaskiya, mun koma tsara kicin domin idon 'yan kallo, mun manta da wadda za ta tsaya a ciki sau uku a rana har tsufanta.

Duk mai riƙe da waya ya san yayin da ake ciki. A TikTok da Instagram kullum sai ka ga kicin mai kanta ta dutse, da dogon tebur a tsakiya, da murhun gas da aka binne a cikin kanta, da fitilu a ƙarƙashin kabet, komai launi ɗaya, baƙi da ruwan gwal ko toka da fari. Wasu ma sun rushe bangon da ya raba kicin da falo, wai shi ne wayewa. Mu 'yan mata mu ɗauki hoton mu tura wa iyaye, su kuma su miƙa wa kafinta su ce "irin wannan." Babu mai tambayar me ake dafawa a gidan da aka ɗauko hoton, da wace wuta, kuma na mutum nawa.

Abin da zai ba ku mamaki, asalin wannan kicin mai kabet a jere ba don ado aka ƙirƙiro shi ba. A shekarar 1926 wata mai zanen gine-gine 'yar ƙasar Austriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara kicin don gidajen ma'aikata a birnin Frankfurt na Jamus. Ɗan ƙarami ne, faɗinsa bai kai mita 2 ba, tsawonsa mita 3 da ɗoriya, kuma an yi irinsa kusan 10,000. Kafin ta zana shi sai da aka auna lokacin da kowane aikin girki yake ci, da yawan kai-kawon da mace take yi. Ta sa taga don haske da iska, ta sa mafitar tururi a saman murhu, ta sa kujera don mai aiki ta zauna, ta ajiye kowane abu inda hannu zai kai. Hatta 'yan gwangwanayen nan masu suna a jiki, nata ma yana da irinsu, don a rage neme-neme. Wato daga jikin mai girki ta fara tunani: ƙafarta, bayanta, numfashinta. Mu kuwa da abin ya iso mana sai muka ɗauki kabet ɗin muka bar tunanin.

Kuma wallahi tunanin shi ne muka fi buƙata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta daga girki da icce da gawayi da kananzir take, ta yi sanadin mutuwar mutane kusan miliyan 3.2, ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara 5 sama da 237,000. Hayaƙin nan da muka ɗauka ba komai ba yana da hannu a ciwon huhu, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, har da yanar ido. Ku tuna jaririn da ke goye a bayan uwa tana hura wuta, abin da ta shaƙa shi yake shaƙa. Kakata takan ce da ni, "Kishiya, mu da hayaƙi muka girma, ga mu nan." Nakan yi dariya kawai, amma ina jin tarin da take kwana yi, ina kuma ganin yadda take laluben carbinta da rana tsaka.

To shi kansa kicin ɗin hoton, ya dace da irin girkinmu? Mu duba. Kantar da ake yi tsayinta kusan santimita 90 ne, an yi ta ne don yanka da suya da ƙaramar tukunya. Tuƙin tuwon dawa ko na masara na babban gida kuwa sai an zauna, an dafe tukunya, an sa ƙarfi a muciya. Ina za a ajiye turmi? Ina tanda, ina madambaci? Yawancin kabet ɗin da ake yi da araha da katakon MDF ne, wanda ruwa na taɓa shi yake kumbura ya fara marmashewa, mu kuma da bokiti da jarka muke aiki. Sinki an kafa, babu famfo, babu inda ruwan zai bi ya fita. Kayan lantarki kuwa, a garin da wuta sai ta ga dama, wasu har amarya ta yi haihuwar fari ba su fita daga kwali ba. Kicin da aka haɗe da falo fa? A soya manja da daddawa sau ɗaya a ji yadda labule da kujeru za su koma, balle abokan maigida na zaune, matar gida na fama da tukunya a gabansu.

Akwai wanda ya fi waɗannan haɗari. Don kada tukunyar gas ta ɓata hoto, sai a cusa ta cikin kabet a rufe. Iskar gas ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, idan ta tsiyaya ƙasa take kwanciya ta taru, ƙyastin ashana ɗaya ya isa. Haka masu shigar da kurfoti cikin rufaffen kicin lokacin hunturu, gawayi na fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, mutum sai dai ya ji jiri ya faɗi.

Sai batun aljihu. Kowa ya san yadda uban amarya ke shiga wani hali a kan kayan ɗaki. A ƙauyukanmu wani buhunan da ya noma zai kwashe ya kai kasuwa, wani ya jinginar da gona, wani ya ci bashin da zai shekara yana biya, duk don kada 'yan jere su ce kicin ɗin wance ya fi na 'yarsa. Shi kuma ango, wanda ginin ke wuyansa, sai ya gama falo da ɗakin kwana sannan ya tuna da kicin, a yanko ɗan lungun da ya rage kusa da banɗaki, a huda taga kamar ta kurkuku. A zuba kayan dubban ɗaruruwa a ɗakin da ba ya numfashi. Ga gas ɗin ma a shekarar 2024 kilo ɗaya ya haura naira 1,000. An bar jaki ana dukan taiki.

Kada wani ya ce ina kushe zamani ne. Ni ma ina son kicin mai kyau, kuma ba na yi wa kowace mace fatan ta ƙare rayuwarta a gaban duwatsu uku. Abin da nake cewa a sauya jerin abin da ake fara kashe wa kuɗi.

Na farko, iska. Taga biyu masu kallon juna, da 'yar kafa a ƙasan bango idan da gas, da bututun hayaƙi idan da icce za a yi aiki. Na biyu, murhu. Tunda mun san icce da kara da gawayi ba za su bar gidajenmu gobe ba, a shigar da su cikin tsarin tun farko. Akwai murhu mai rage cin icce irin Save80, wanda ake ƙerawa a nan Kano, akwai kuma na gini da magini zai iya yi da bulo ya fitar masa da bututu. Gas ya zama na shayi da ɗumame da girkin sauri, tukunyarsa a wuri mai iska. Na uku, ruwa: wurin randa ko durom, da magudanar da za ta kai ruwan wanke-wanke waje. Na huɗu, kanta hawa biyu, doguwa ta yanke-yanke da gajera ta tuƙi, a yi su da siminti a manna tayil, ba ruwansu da gara ko laima. In kuɗi ya ragu, sai a yi kabet da ado daidai ƙarfi.

A watan Maris na 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan girki mai tsafta. Madalla, amma takardar da ke Abuja ba za ta huda taga a Zoza ko Zarewa ko Fulatan ba. Mu ne za mu huda. Samarinmu magina da kafintoci da masu walda, ga kasuwa nan a buɗe: wanda ya fara ƙwarewa a kicin mai bututu da gajeriyar kanta, ya ɗauki bidiyonsa ya yaɗa kamar yadda ake yaɗa na kabet, ba zai rasa aiki ba. Ango, kafin a aza bulo, ka tambayi mahaifiyarka da amaryarka yadda suke so, su ne masu ɗakin. Mu kuma 'yan mata, mu ji tausayin iyayenmu, mu ji tausayin huhunmu. Ranar jere kwana ɗaya ce, girki kuwa kullum ne.

Ita Yayar tawa, da muka yi waya shekaranjiya, ta ce maigidan ya yi alkawarin kiran magini ya ɗaga rumfar ya sa mata bututu bayan an gama girbi. Na ce Allah Ya cika. Kicin ɗin hoton dai har yanzu a kulle yake, sai in an yi baƙi ake buɗewa.

Allah Ya ba iyayenmu mata lafiya, Ya sa mu gane. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.