A daina sayar mana da famfo alhali tiyo ne ya tsage

Raina a ɓace yake game da abin da ake yi wa direbobin manyan motoci a garin nan na Greensboro. Mutum ya ci bashi ya sayi tirela, yana biyan inshora, yana ciyar da iyali, yana aika ɗan abin da ya samu Maraɗi ko Katsina. Kwatsam fitila ta kama a gaban sitiyari, kwamfuta ta fito da lamba P20E8. Ya shiga gareji, a jona masa na'ura, a leƙa allo, a ce masa famfon ruwan DEF ya mutu, sai sabo. Ba a buɗe komai ba, ba a auna komai ba. Ya biya kuɗin da kan haura dala dubu idan an haɗa da ladan aiki, ya hau titi, kafin mako ya zagayo lambar ta dawo. Wannan zalunci ne, ko da jahilci ne ya jawo shi.

Tun shekarar 2010 dokar hayaƙi ta Amurka ta sa kusan kowace babbar motar dizal take ɗauke da tankin ruwan DEF mai shuɗin murfi. Abin da ke ciki yuriya ce kashi 32.5 cikin ɗari, irin sinadarin takin da manomanmu suka sani amma tatacce, sauran kashi 67.5 kuma ruwa ne da aka tsarkake. Famfo yana zuƙo shi daga tanki, ya matsa shi, ya tura shi ta siririn tiyo zuwa bakin da ke fesa shi cikin salansa. A can zafi ya mai da shi amoniya, ita kuma ta narkar da gubar hayaƙin ta koma iska da tururi marasa cutarwa. Lambar da ake firgita mutane da ita abu ɗaya kawai take faɗa: matsin ruwan bai kai yadda ake so ba. Ba ta ambaci famfo ba.

Duk mai noman rani a Kadawa ko Jiratawa ya san idan injin ban ruwa ya ƙi jawo ruwa, tiyon zuƙa ake fara dubawa ko yana shan iska, sannan a duba ko ciyawa ta toshe bakinsa. Babu wanda ke rugawa kasuwa sayen sabon inji kafin nan. To me ya hana mai takardar shaidar kanikanci yin abin da manomi ke yi?

Aikin ba ɓoyayye ba ne. A duba ko akwai ruwa a tanki, a ɗiga shi a kan na'urar auna ƙarfinsa a ga ko ya kai 32.5, a shinshina ko an yi kuskuren zuba dizal a ciki, domin dizal yana kumbura robobin da ke riƙe matsi. A bi tiyo daga tanki har salansa ana neman farin gishiri, saboda duk inda ruwan ya yoyo ya bushe sai ya bar wannan alamar. A cire matatar da ke jikin famfo, wadda kuɗinta bai kai na cin abincin iyali a waje sau ɗaya ba, a kuma duba ragar da ke cikin tanki. Ƙaramar tsaga a ɓangaren zuƙa ita ce mafi wahalar ganowa, don ba ta zubar da ruwa, iska take sha, kuma sai an sa tiyo mai gani-garau ko an ba famfon ruwa daga bokiti mai tsabta ake kama ta. Hatta hancin da tanki ke shaƙar iska, in ya toshe, famfo lafiyayye zai yi ta fama a banza. Ga sanyi kuma: ruwan yana daskarewa a digiri 11 ƙasa da sifili a ma'aunin Selsiyos, don haka wanda lodi ke kai shi Ohayo ko Fensilbeniya a watan Janairu, in hitar tiyonsa ta mutu, zai ga wannan lambar da asuba ta ɓace da rana. Bayan duk wannan sai a duba waya da soket, a umurci famfo ya tashi ta kwamfuta, a ga ko matsin yana hawa ya tsaya, ko na'urar auna shi ce ke ƙarya. Sai an gama waɗannan ne bakanike yake da bakin cewa famfo ya mutu. Yakan mutu, ban musa ba. Amma a tabbatar.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a Greensboro ake wannan. Nan ne hedikwatar Volvo Trucks ta Arewacin Amurka, nan Mack ta dawo da tata a 2009, nan manyan titunan I-40 da I-85 suka haɗu, ga kwalejin GTCC tana koyar da gyaran injin dizal. Ilimin yana nan birjik. Wanda ya ƙi bin matakan bincike ya ƙi ne don sauya famfo ya fi sauri kuma ya fi kawo kuɗi, kuma ya san baƙon da Turancinsa bai nuna ba ba zai ja da shi ba.

Ya kuma san direban a matse yake. Shekara da shekaru tsarin shi ne in matsalar ta daɗe sai kwamfuta ta rage wa mota ƙarfi, daga ƙarshe ta ɗaure ta a gudun mil 5 a awa. Tirela mai cikakken lodi tana rarrafe a gefen babban titi, ga kuɗin janwe, ga dillali yana kira. A 2021 ƙarancin na'urorin awo na cikin tankin ya ajiye motoci masu yawa da injinsu lafiya lau. Sai a Agustan 2025 hukumar kare muhalli ta EPA ta fitar da sabuwar sanarwa tana kira ga kamfanoni su sassauta, a ba direba lokaci mai tsawo, matakin ƙarshe ya zama mil 25 a awa. An makara ƙwarai, kuma tsohuwar mota ba ta amfana sai an sabunta manhajarta.

Masu raɗa wa 'yan'uwanmu cewa a cire tsarin gaba ɗaya a huta, su ma ba masoya ba ne. Dokar tsabtar iska ta haramta, garanti ya tafi, motar ta yi wuyar sayarwa. Hayaƙin kuma yaranmu da ke zaune kusa da waɗannan tituna ne za su shaƙa, kuma yana tayar da asma.

Mu ma da namu laifin. Akwai mai barin jarka a rana wata da watanni, da mai zuba ruwan da mazurarin da ya taɓa mai, da mai yanke batir da zarar ya kashe mota, alhali famfo na bukatar ɗan lokaci ya janye ruwan daga tiyo.

Ɗan'uwa direba, in an ce maka famfo ne, tambayi nawa matsin ya nuna, yaushe aka sauya matata, an gwada ɓangaren zuƙa ko ba a gwada ba. Ka ce a rubuta maka a takarda, a kuma ba ka tsohon famfonka ka gani. Wanda ya ƙi, karɓi makullinka ka nemi wani gareji.